Neman sawun rai a duniyar Mars daga Ngaundere ko Injamena: dutsen sama, bayanan kumbo, ko lakar tsohon tafki?

Ɗalibin da ya karanta ilimin ƙasa da duwatsu, ko sinadarai, ko halittu a Ngaundere, Marwa ko Injamena, kuma yake son kundin mastarsa ya taɓo tambayar ko an taɓa yin rai a duniyar Mars, hanya uku ce a gabansa. Akwai ta huɗu da ake yawan ambata, wato jiran samfurin dutse da za a dawo da shi daga Mars, za mu zo kanta, amma ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ko dai ya yi aiki a kan dutsen da ya faɗo daga Mars, ko ya zauna da bayanan da kumbuna suka aiko, ko kuma ya fita daji ya nazarci wuraren ƙasarmu da suka yi kama da tsofaffin tafkunan can.

A fara da abin da ake nema, don nan ake fara ɓata. Ba ƙashi ake nema ba, ba kuma sawun dabba ba. Ana neman alamar ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda in ma sun rayu, to fiye da shekara biliyan 3 da rabi ke nan, lokacin da ruwa ke kwance a manyan ramukan Mars irin su Jezero da Gale. Alamar kan zo a matsayin sinadaran kabon da suka maƙale a laka, ko ma'adinin da ba ya cika samuwa sai inda ƙwayoyin halitta suka ci suka yi numfashi, ko wani tsari a jikin dutse. Kowace daga cikinsu tana da tagwai marar rai. Aikin duka shi ne bambance su.

Ma'aunin da za mu bi

Kuɗi: abin da zai fita daga aljihu ko daga asusun sashe kafin a ga sakamakon farko. Ɗorewa: shin samfurin ko bayanan za su kai shekara biyu ba su lalace ba, kuma za a iya ɗora digirin dakta a kansu? Sauƙi: kayan aiki da malamin da zai duba, suna nan kusa? Haɗari iri uku ne: na jiki, na ƙarewar lokaci ba a samu komai ba, da na zubewar suna idan aka yi iƙirarin da ba zai tsaya ba. Ma'auni na biyar shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa: hanyar tana kusantar ainihin tambayar rai, ko kewaye kawai take yi mata?

Dutsen Mars da ya faɗo ƙasa

Wannan ita ce hanyar da ta fi jan rai, kuma ba banza ba. A ranar 3 ga Oktoban 1962 dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗi a Zagami cikin ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga Mars yake. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani a yankin Agadas mai nauyin kilo 24 da ɗoriya, aka sa masa lamba NWA 16788, aka yi gwanjonsa a Amurka a Yulin 2025 kan dalar Amurka miliyan 5.3. Sahara ce ke ba duniya kaso mai yawa na irin waɗannan duwatsu, saboda baƙin dutse kan farin fili ba ya ɓuya, kuma ƙarancin ruwa na hana shi ruɓewa da wuri.

Kuɗin fa? Idan aka raba farashin wancan gwanjo da nauyin dutsen, kowane giram ya kama kusan dala 215, wato sama da sefa dubu 100. Ƙananan gutsattsari na iya fin haka tsada a kan giram. Sayen ma ba shi ne babban kashin ba. Kafin a ce dutse na Mars ne sai an yanka shi siriri, kaurin milimita 0.03, an auna ma'adinansa da na'urar harba lantarki, sannan an auna nau'o'in iskar oksijin da ke cikinsa. Wannan awo na ƙarshe sai an aika ƙetare. Kwamitin da ke ba duwatsun sama suna kuma ba ya rajista sai an ajiye giram 20, ko kashi 20 cikin ɗari na dutsen, wanda ya fi ƙanƙanta, a wata cibiya da aka amince da ita. Akwai ƙofa mai araha: hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, na ba masu bincike aron gutsattsarin da aka tsinto a Antatika ba tare da kuɗi ba, amma sai malami mai ɗakin gwaji ya nema a rubuce, kwamiti ya duba, kuma abin da za a aiko ɗan mitsitsi ne.

Wajen ɗorewa ba shi da laifi, dutse ne, in an ajiye shi a bushe zai fi mai shi daɗewa. Sauƙi kam babu. Cikin duwatsun sama fiye da dubu 70 da aka yi wa rajista, na Mars 'yan ɗaruruwa ne. Yawancin abin da ake kawowa ana rantsuwa daga sama ya faɗo, ko dai marmara ce mai ƙarfe, ko kashin maƙera na tsofaffin matoya, ko gatarin aradu, wanda a gaskiya gatarin dutse ne na mutanen da. Gwajin maganaɗisu ma yana ruɗarwa: duwatsun sama na gama-gari suna kama shi, na Mars kuwa da ƙyar.

Babbar matsalar tana ma'auni na biyar. Kusan duk duwatsun Mars da ke hannu narkakken dutse ne da ya daskare, irin na aman wuta, ba lakar tafki ba. Na Zagami shekarunsa kusan miliyan 180 ne, wato ya samu bayan tafkunan Mars sun ƙafe da biliyoyin shekaru. Ƙari a kan haka, dutsen da ya kwana dubban shekaru a hamada ya sha ruwan ƙasarmu, farar ƙasa ta cike tsagunansa, ƙwayoyin halittarmu sun shiga. Duk kabon da ka samu, tambayar farko ita ce: ba na nan ba ne? Ko dutsen Mars mai lamba ALH84001, wanda aka tsinta a ƙanƙarar Antatika a 1984 kuma ya haura shekara biliyan 4, da aka yi shelar alamun rai a cikinsa a 1996, mafi yawan masana sun koma kan cewa ruwa da zafi kaɗai na iya yin abin da aka gani. Sai batun doka: bayan gwanjon 2025 gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda dutsen ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irinsa. Kada ka gina kundi a kan dutsen da ba shi da takardar asali. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Bayanan kumbo da motocin bincike

Motar Curiosity, wadda ta sauka a Gale a Agustan 2012, ta ci kusan dala biliyan 2 da rabi. Perseverance, wadda ta sauka a Jezero ranar 18 ga Fabrairun 2021, ta ɗan ɗara haka. Bayanansu kyauta ne a rumbun PDS na NASA, tare da na kumbon MRO da ke kewaya Mars tun 2006. Abin da za ka kashe shi ne kwamfuta, data, da wuta.

Kayan aikin su ne: manhajar taswira ta JMARS ta Jami'ar Jihar Arizona da QGIS, duk kyauta, kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki giga 8 aƙalla, 16 ta fi, faifan ajiya na waje guda biyu, ɗaya madadin ɗaya. Tsarin da ke rage wahala shi ne a fara da hotunan CTX, kyamarar MRO mai ɗaukar fili mai faɗi, inda kowane ɗigo ke wakiltar kusan mita 6, a zaɓi wuri. Sai a sauko da na HiRISE, kyamarar MRO mafi kaifi, mai santimita 25 zuwa 30 a ɗigo, na wurin da aka zaɓa kaɗai, domin hoto ɗaya na iya cin ɗaruruwan mega, wani ya haura giga. A yi amfani da manhajar saukewa mai ci gaba daga inda ta tsaya, in ba haka ba ɗaukewar wuta ɗaya za ta cinye datar mako. Daga nan sai bayanan CRISM, na'urar da ke gane ma'adini ta yadda yake shan haske: laka mai ƙarfe da maganiziyam tana nuna kanta a hasken da tsawon zangonsa ke kusa da maikiron 1.4, 1.9 da 2.3, dangin farar ƙasa kuma a 2.3 da 2.5. An kashe CRISM a 2023, amma abin da ta tara yana nan, kuma ba a gama tatsarsa ba. Ta shirin HiWish ma kowa na iya roƙon a ɗauko hoton wani wuri.

Inda ake faɗuwa: ƙura takan rufe dutse, na'urar ta karanta ƙurar, ɗalibi ya rubuta cewa babu laka. Ko hasken rana ya zo ta gefen da ido bai saba ba, rami ya koma tudu a gani. Duba ta inda rana take kafin ka zana komai. Ko tangarɗar na'ura ta yi kama da ma'adini. Wannan ya faru da manya: a 2015 aka sanar da ganin gishirin faklorat mai ruwa a wasu gangaren Mars, a 2018 wasu suka nuna cewa alamar na iya fitowa daga yadda ake tace bayanan. Maganinsa shi ne kada a yarda da ɗigo ɗaya, a nemi alamar a ɗigo da yawa maƙwabta, kuma a hoto fiye da ɗaya.

Haɗarin jiki babu, lokaci kuma yana hannunka. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba. Daga sama ba a ganin rai, ana ganin inda ya kamata a nema ne. Kundin da zai tsaya a nan shi ne mai cewa "wannan mazubar kogi ta fi waccan yiwuwar adana alama, ga dalili", ba mai cewa "na ga burbushi a hoto" ba. Fuskar mutum da aka gani a hoton Mars na kumbon Viking a 1976, da aka sake ɗauka da kyamara mai kyau a 2001, tsauni ne kawai.

Lakar gida

A nan za mu daɗe, domin nan ne muke da abin da wasu ke hawa jirgi su zo nema.

A Yulin 2024 Perseverance ta tarar da wani dutsen laka da aka sa wa suna Cheyava Falls, mai ɗige-ɗige kamar jikin damisa. Sakamakon da aka buga a Satumban 2025 ya nuna ɗigon na ɗauke da alamun ma'adinai biyu, bibiyanait mai ƙarfe da fosfat, da giregait mai ƙarfe da farar wuta, tare da sinadaran kabon. A duniyarmu waɗannan kan samu a laka marar iska inda ƙwayoyin halitta ke cin ruɓaɓɓen abu. Masu binciken sun ce alama ce mai yiwuwa, ba su ce hujja ba. To ɗaya daga cikin wuraren da suka fi shahara da bibiyanait a duniya shi ne fadamar Anluwa, kusa da Ngaundere, inda aka haƙo ƙirarsa da tsawonta ya wuce mita ɗaya daga lakar tsohon tafki. Ɗalibin Ngaundere da ya tambayi yadda wannan ma'adini ke samuwa a laka, da abin da ke raba na ƙwayoyin halitta da wanda ba nasu ba, yana kan tambayar da ake muhawara a kanta yau.

Ba Anluwa kaɗai ba ce. Kimanin shekara dubu 7 da suka wuce Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan dubu 350. Gaɓarsa ita ce jigawar da ta miƙe daga Limani zuwa Yagwa. Gindinsa a arewa shi ne ƙwarin Bodele, inda ƙasar wurin mai farin launi ta kasance ɓawon ƙananan halittun ruwa ne zalla, kuma daga can hazon hunturu ke tasowa. Tsohuwar mazubar kogi ta Angamma tana fitowa sarai a hotunan tauraron ɗan'adam, ana iya jera ta da ta Jezero. A Kanem akwai tafkunan kanwa inda mata ke kwasar dihe, ganyen ruwan nan da ake shanyawa a yashi a yi miya; halitta ce da ke rayuwa cikin ruwan kanwa, kuma yadda kanwa ke binne ta tana adana ta ko tana cinye ta tambaya ce mai kyau. Ko karal da ake dasa masakwa a kai a Diyamare, lakar nan mai tsagewa da rani, dangin lakar da aka samu a Gale ce.

Kuɗin ya danganta da nisa. Mafi araha: shimfiɗa gilashi mai tsabta a kan rufi a Garwa ko Kusiri lokacin hazo, ka tattara ƙurar, ka duba da madubin ƙara girma sau 400, kana neman gutsattsarin ɓawon. Anluwa da Yagwa tafiyar mota ce. Bodele, Uniyanga da ramin kanwa na Tibesti kuwa sai mota mai taya huɗu fiye da ɗaya, jagora ɗan yankin, da ruwan kwanaki. Wannan ba aikin aljihun ɗalibi ba ne.

Ɗaukar samfuri ita ce ke raba aikin ƙwarai da ɓata lokaci. Kwalaben gilashi da takardar alminiyam a gasa su a tanderun ɗakin gwaji a zafin maki 450 na ma'aunin Salshiyos na tsawon awa 4 ko fiye, don ƙone duk wani maiƙo. Kada samfurin da za a nemi kabon a ciki ya taɓa leda, domin sinadaran roba na fitowa a awo su rufe abin da ake nema. Safar hannu a sauya ta a kowane rami. Man shafawa, turare da hayaƙin mota a nisanta su. A kankare saman a zubar, a ɗiba kowane santimita 10 zuwa ƙasa, sau 3 a kowane mataki, a rubuta wuri da GPS. A buɗe kwalba ɗaya babu komai a wurin, a rufe, a auna ta tare da sauran: abin da ya fito a cikinta datti ne, ba sakamako ba. Ɗigon asid na haidirokilorik mai kashi 10 cikin ɗari zai nuna farar ƙasa ta hanyar kumfa. Bibiyanait na sauya launi ya yi duhu da ya sha haske da iska, don haka a naɗe shi nan take, a toshe, a sa a duhu. Kanwa mai ruwa kuma tana bushewa ta koma wani ma'adini, saboda haka a auna ta da wuri. Wannan shi ne raunin hanyar wajen ɗorewa: wurin yana nan, samfurin ne ba ya jira.

Lokacin fita Nuwamba zuwa Fabrairu ne. Da damina karal ba ta biyuwa, daga Maris kuma zafi ya haura maki 40. Takardar izinin bincike a neme ta watanni kafin tafiya, a Kamaru daga ma'aikatar binciken kimiyya, sannan a gaida lamiɗo ko mai gari kafin a sa magirbi a ƙasa. Bakin tafki da wajen Limani akwai matsalar tsaro, Tibesti kuma akwai nakiyoyin da suka rage tun yaƙe-yaƙen baya. Babu kundin da ya kai ran mutum.

A faɗi iyakarta a cikin kundin kafin alƙalai su faɗa: lakar Chadi ta dubban shekaru ce, ta Mars ta biliyoyi; a nan rai ya cika ko'ina, a can kuma hasken sararin sama mai ƙuna yana farfasa sinadaran kabon a saman ƙasa, shi ya sa motar binciken Mars ta Turai, Rosalind Franklin, aka yi mata mahuji mai zurfin mita 2. Mai son tsoho na gaske sai ya dubi Faransbil ta Gabon, inda aka bayyana wasu siffofi masu shekara biliyan 2.1 a 2010, kuma har yanzu akwai masu musun cewa na halitta ne. Dutsen yana hannu, ana juya shi a ɗakin gwaji, amma gardama ba ta ƙare ba.

Jiran samfurin Jezero

Perseverance ta cika bututu da dama da samfurin dutse, har da na Cheyava Falls, amma suna can. A 2023 aka ƙiyasta dawo da su zai ci dala biliyan 8 zuwa 11. Sin na shirin nata, Tianwen-3, da burin dawowa wajen 2031. Ga mai masta ta shekara biyu, wannan jiran gawon shanu ne.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari | Kusanci da tambayar rai |
|---|---|---|---|---|---|
| Dutsen Mars | Mai yawa | Mai kyau | Sai da ɗakin gwajin ƙetare | Jabu, gurɓata, doka | Kaɗan |
| Bayanan kumbo | Kwamfuta da data | Mai kyau ƙwarai | Sai an koyi manhaja | Kuskuren fassara | Yana nuna wuri kawai |
| Lakar gida | Kaɗan a kusa, mai yawa a nesa | Samfuri na lalacewa | Malamai na nan | Tsaro, datti a samfuri | Sosai, amma kwatance ne |
| Jiran samfuri | Babu yanzu | Ba a hannunka yake ba | Sai manyan cibiyoyi | Lokaci ya ƙare | Mafi kusa |

Wa ya dace da wacce

Idan ba ka da tallafi, ko kana koyarwa a lise ba ka iya barin gari, ko iyali ba za su bar ki kwana a daji ba, ɗauki bayanan kumbo. Zaɓi mazubar kogi ɗaya a Mars, ka jera ta da Angamma ta hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 da taswirar tudu ta SRTM, waɗanda su ma kyauta ne. Abin da ka koya zai yi maka aiki a taswirar ruwa da ma'adinai ko da ka bar Mars.

Idan kana Ngaundere kuma sashenku na da hanyar samun awon XRD, mai gane ma'adini da hasken X-ray, Anluwa ce amsarka, kuma ita muke fifitawa a kan sauran duka. Ɗan sinadarai ko halittu a Injamena ya dubi kanwar Kanem, bayan ya tabbatar da hanya daga hukuma da mutanen wurin. Ɗan Marwa da Garwa ya fara da ƙurar hazo da karal, waɗanda ba sa buƙatar ya kwana a waje.

Dutsen sama ya dace da mutum ɗaya: wanda malaminsa ke da yarjejeniya rubutacciya da ɗakin gwajin ƙetare, kuma tambayarsa ta tarihin aman wuta ko ruwan Mars ce, ba ta rai ba. Mai burin taɓa samfurin Jezero wata rana kuwa, ya yi mastarsa a kan laka, ya ƙware wajen hana samfuri gurɓata da karanta na'urar Raman mai gane ma'adini da sinadarai ta hasken leza, sannan ya nemi gurbin dakta da wannan a hannunsa.